Ina Ɗiyanta?



Akwai wani itace a duniya da ya fi shekara goma yana fure a hannun ƙwararrun masu lambu, fure fari tas, ba fashi, amma bai ba su ko ƙwaya ɗaya da za a shuka ba. Har suna masu kula da shi suka sa masa, wai matacce mai rai. Labarinsa nake so in ba ku yau, domin tun ranar da na san shi, duban da nake yi wa gonakin Sanyinna ya sake.

Sunan wurin Rodrigues. Ɗan ƙaramin tsibiri ne a Tekun Indiya, can gabas da Madagaska, a ƙarƙashin ƙasar Morishus, kuma tsakaninsa da babban tsibirin ƙasar akwai ruwa na kusan kilomita 560. Faɗinsa duka bai wuce murabba'in kilomita 108 ba, wato ƙaramar hukumar Tambuwal ta ninka shi fiye da sau goma. Tsibirin da ya daɗe shi kaɗai a tsakiyar ruwa yakan riƙe itatuwa da dabbobin da babu irinsu ko'ina. In abu ya ƙare a irin wannan wuri, to ya ƙare a duniya. Mu in irin gerommu ya lalace, sai mu je Kebbe ko Dogon Daji mu roƙo. Mutumin tsibiri ba shi da maƙwabcin da zai roƙa.

Cikin waɗanda suka fara zama a tsibirin akwai wani Bafaranshe, François Leguat, da abokansa bakwai. 'Yan Furotesta ne da tsanani ya raba da ƙasarsu bayan sarkin Faransa ya soke dokar da ta ba su 'yancin sujada a 1685. Sun zauna a Rodrigues daga 1691 zuwa 1693, kuma Leguat ya rubuta abin da idonsa ya gani: kurmi mai duhu, tsuntsaye masu ƙiba da ba sa tashi sama, da manyan kunkuru masu yawan da mutum zai iya taka bayansu ya yi tafiya mai nisa ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, babu kunkurun ko ɗaya. Jiragen ruwa ne suka kwashe su don nama, saboda kunkuru yana daɗewa da rai a cikin jirgi ba ci ba sha. Tsuntsun ma ya ƙare. Aka sare kurmin, aka yi gonaki, aka saki awaki da aladu. Lokacin da wani masanin tsirrai ɗan Sikotilan mai suna Isaac Bayley Balfour ya zo a 1874, ragowa kawai ya tarar.

Cikin ragowar akwai wani ɗan itace da mutanen tsibirin ke kira café marron, wato gahawar daji. Kalmar marron a bakinsu asalinta sunan bawan da ya gudu ya shiga daji ne, daga baya aka riƙa kiran duk abin da ba na gida ba da ita. Masana suna ce masa Ramosmania rodriguesi. Dangin gahawa ne, kuma in kuna so ku ji kusancinsa da mu, danginsu ɗaya da gauɗe da giyayya da tafashiya. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da gauɗe lokacin da ya yi farin furensa ya riga ya ga ɗan'uwan itacen da nake magana a kai. An zana hotonsa tun ƙarni na 19, aka ajiye a littafi. Bayan haka aka daina ganinsa, har masana suka sa shi cikin waɗanda suka shuɗe.

Wajen 1980 wani malamin makaranta a tsibirin ya nuna wa ɗalibansa zanen itatuwan da aka ce sun ƙare, ya ce su riƙa dubawa in suna yawo. Sai wani yaro ya ce akwai irin wannan kusa da gidansu. Ya je ya karyo reshe ya kawo. Aka aika wa masana, suka tabbatar: shi ne. Guda ɗaya tak, a gefen hanya, awaki sun cinye rabinsa. An bincike tsibirin ciki da bai, ba a sami na biyu ba.

Abin da ya biyo baya zai ba ku dariya, ko da yake abin tausayi ne. Dama can mutanen wurin suna ɗaukar itacen a matsayin magani. Da hukuma ta zo ta kewaye shi da shinge, sai kowa ya ce lalle akwai wani asiri a jikinsa, in ba haka ba me zai sa gwamnati ta tsare shi? Aka riƙa tsallakewa da dare ana yankar reshe, ana sassaƙar ɓawo. Aka ƙara shinge na waya mai ƙaya, aka yanke. Aka ƙara wani a bayan wancan, har sai da aka sa mai gadi, itacen ya zama kamar ɗan kurkuku. Ban ga laifin masu shingen ba, ban kuma iya zagin masu sassaƙar ba. Duk wanda ya bi hanyoyinmu ya ga maɗaci a tsaye, an feɗe shi daga gindi har iyakar inda hannu ke kaiwa. Mai ciwon ciki da ba shi da kuɗin asibiti ba ya tambayar ko guda nawa suka rage.

A 1986 aka yanki 'yan rassa aka sa su a jirgin sama zuwa lambun Kew da ke Landan, inda ake renon tsirran duniya a ɗakunan gilashi masu ɗumi. Reshe ɗaya ya yi saiwa. Daga shi aka yi ta yanka ana dasawa, kamar yadda muke yi da rogo, har suka yi yawa. Suka girma, suka shiga fure, shekara bayan shekara. Ɗa kuwa babu. Dalilin duk wanda ya taɓa shuka gwanda a bayan ɗaki ya san shi: namiji ne. Namijin gwanda ya fi macen yawan fure, amma sai ka gaji da jira. Wanda ya rage a duniya namiji ne, kuma duk waɗanda aka dasa daga jikinsa shi ne dai, an raba shi tukunya tukunya. Ko sun kai dubu, itace ɗaya ne. Cutar da za ta kashe ɗaya za ta kashe duka. Abin da ya sa aka ce matacce mai rai ke nan: yana numfashi, yana ado, amma zuriyarsa ta yanke.

Wani saurayi ɗan ƙasar Sifen, Carlos Magdalena, wanda ya zo Kew koyon aikin lambu, shi ne ya ƙi yarda an gama. Ya riƙa yanke kan ɗan tsinken da ke tsakiyar furen yana shafa bununi a wurin yankan, fure bayan fure, ɗaruruwa, yawanci a banza. A 2003 ɗa ya fito. Daga baya ya lura cewa itacen da ya sha zafi da rana sosai shi ya fi yarda ya yi ɗa, kamar yadda namijin gwanda kan yi kuskure wani lokaci ya rataya ɗa ɗaya ko biyu. Da aka samu ƙwayoyin da suka tsira, sai aka tarar cikin 'ya'yan akwai maza akwai mata. Daga nan hanya ta buɗe. A 2010 aka mayar da iri gida Rodrigues.

Ga wurin da ya fi tsaya mini a rai. Da ƙwayoyin suka tsira, masu lambun sun kusa cewa an yi musu musanye. Ganyen ƙaramin bai yi kama da na uban ba ko kaɗan. Na babban gajere ne, kore, mai sheƙi. Na ƙaramin dogo ne, siriri, mai duhu, da jan layi a tsakiya, kuma ba ya komawa irin na manya sai itacen ya ɗaga sama da ƙasa sosai. Masana na ganin wannan kariya ce daga kunkurun nan da ke kiwo a ƙasa, waɗanda rabonsu da tsibirin ya kai shekara ɗari biyu. Ku lura da abin da wannan ke nufi. Babu wani mai rai a duniya, ko masani ko manomi, da ya san kamannin ƙaramin wannan itace. An daɗe ƙwarai ba a haifi sabo ba, kuma ba wanda ya ankara, domin tsohon yana nan tsaye yana fure.

Ba kowane irin wannan labari ke ƙarewa da daɗi ba. A tsibirin Sent Helena da ke Tekun Atilantika, inda Napoliyon ya mutu a tsare a 1821, awakin da Turawan Fotugal suka saka bayan sun gano wurin a 1502 sun yi wa itatuwa irin wannan ɓarna. A 1980 an gano wani itace da aka ɗauka ya ƙare, guda biyu maƙale a jikin dutse inda akuya ba ta iya kaiwa, sai da aka zura mutum da igiya ya yanko reshe, kuma an cece shi. Amma wani da suke kira zaitun ɗin Sent Helena bai yi sa'a ba. Na ƙarshe a daji ya mutu a 1994, na ƙarshe a lambu ya bi shi a watan Disamba na 2003, shekarar da gahawar dajin Rodrigues ta yi ɗanta na fari.

To, me ya haɗa ɗan Sanyinna da tsibiri, mu da ko teku yawancinmu ba mu taɓa gani ba?

Tsibiri ba sai a ruwa ba. A hamadar Tenere ta Nijar an taɓa yin wata bishiyar ƙaya da ta rage ita kaɗai daga wani tsohon kurmi, ayarin gishiri na Azbinawa suna yada zango a gindinta, har a taswira ake sa ta. A 1973 wata babbar mota ta buge ta ta faɗi. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe. Motar ce ta ƙarasa ta, amma tun kafin motar ba ta da magaji. Irin wannan nake gani a gonakinmu, sai dai namu yana tafiya a hankali, kuma inuwa tana rufe mana ido.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu mai yin daddawa, wadda muke kira Inna, ita ta ba ni kalmar da nake aunawa da ita. Ina yaba wata ƙatuwar ɗorawa da ke gonar da mahaifina ke nomawa, ina cewa wannan kam ta fi ƙarfin gatari, sai ta dube ta, ta dubi ƙasa kewaye da ita, ta ce da harshenta na Sakkwatanci, "To ɗana, ina ɗiyanta?" Ba 'ya'yan da ake kaɗowa take nufi ba, don waɗannan ita ta fi kowa sanin yawansu. Ƙananan da za su gaje ta take tambaya. Ta ce tun tana amarya ɗorawan da take tsintar kalwa a gindinsu su ne dai har yau, sai dai kowace 'yan shekaru iska ta kayar da ɗaya, kuma ba ta ga wadda ta taso a madadinta ba.

Ku gwada da kanku. In kun fita gona, ko kuna cikin mota a hanyar Sakkwato zuwa Jega, ku ƙirga manyan ɗorawa da kanya da tsamiya da giginya. Sannan ku nemi waɗanda tsayinsu bai wuce na mutum ba. Na yi wannan ƙirga a gonarmu da biyu da ke maƙwabtaka da ita: manyan ɗorawa bakwai, kanya uku, tsamiya biyu, ƙarami ko ɗaya babu. Abin da ke tasowa da kansa sai dogon yaro, wanda baƙo ne daga Indiya, da sabara da tumfafiya. Na tambayi yara 'yan ajin Lahadi ko sun san kamannin ɗorawa tana 'yar wata uku. Sun san garinta, sun san daddawa, wasu sun san makubar da ake shafe daɓe da ita. Tsironta kam babu wanda ya ce ya taɓa gani.

Kada in yi ƙari a magana. Ɗorawa ba ta kusa ƙarewa a duniya ba, tana nan daga Senegal har Sudan. Kanya da tsamiya ma haka. Halinmu bai kai na Rodrigues ba. Amma ɗorawar da ke ƙasar Gana ba za ta yi wa Inna daddawa ba, ba za ta ba shanun Sanyinna inuwa a watan Afrilu ba. Kuma wanda ya ce itace mai yawa ba ya ƙarewa, ya tambayi mutanen Taraba labarin madobiya, wadda 'yan katako suka riƙa kira "Madrid". Cikin 'yan shekaru aka yi ta lodinta zuwa ƙasar Sin don yin kujeru da gadaje, har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Itacen da kakanninmu ke sassaƙa turmi da shi, mai ruwan ɗorawar fure da rani tun ganye bai fito ba, yau sunansa yana cikin masu fuskantar ƙarewa.

Me ya hana ƙananan tasowa? Babu mugu a labarin, shi ya sa ya fi wuyar magani. Kalwa kuɗi ce, don haka ana tsince ta tas, wani lokaci tun ba ta gama nuna ba. Wadda ta kuɓuta ta tsira da damina, garmar shanu ta tumɓuke ta, ko mai noma ya share ta da ciyawa don bai gane ta ba. Wadda ta kai kaka, da an kwashe amfanin gona aka saki dabbobi, akuya ta gama da ita a ciko ɗaya. A da gona takan huta shekaru, a cikin saurar nan ne ƙananan itatuwa ke samun sararin yin ƙarfi. Yanzu wa ke da gonar da zai bari ta huta? Sai kuma itacen girki da buhunan gawayi da ke jere a bakin titi, waɗanda birni ke jira kowace safiya, tun ba yanzu da kuɗin gas da kananzir suka fi ƙarfin talaka ba.

Giginya ta fi ba ni tausayi, don ita ta gaba da ta baya ake ci. Tana da namiji da mace, kamar gwanda. Manyan ana sare su don azara, saboda gara ba ta cinta da sauƙi. Ƙwallon kuma ana binne shi, in ya fara tsira a tone a dafa, shi ne murucin da muke saye a tasha muna ci muna santi. Kowane muruci giginya ce da ba ta samu ta tashi ba. Ba cewa nake a daina ci ba, ni ma ina ci, kuma sana'ar mata da yawa ce. Amma in mai binne ƙwallo ɗari ya bar biyar a ƙasa, me ya rage masa? Hausawa sun ce giginya na nesa ka sha inuwarki. Nisan har da na shekaru, domin wanda ya bar ta ta tashi da wuya shi ne zai ci 'ya'yanta da haƙoransa na ƙuruciya.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye, wanda ba a cika faɗa ba. Da yawa daga cikinmu iyayenmu aiki ne ya kawo su nan, ko neman ƙasar noma, gonakin da muke nomawa na aro ne ko na haya. A al'adar ƙasar nan dasa itace a gona kamar kafa shaida ce cewa gonar taka ce, don haka baƙo mai hankali ba ya yi. Wannan gaskiya ne, kuma bai kamata wani saurayi ya karanta wannan rubutu ya je ya jawo wa mahaifinsa rigima ba. Sai dai tsakanin dasawa da barin abin da ya tsira da kansa akwai bambanci. Da mahaifina ya je wurin mai gonarmu, dattijo ne mai mutunci, ya ce masa, "Alhaji, ga 'yan itatuwa suna fitowa, in ka yarda mu bar maka su, naka ne da jikokinka," cewa ya yi Allah ya yi albarka, har ya aiko yaronsa da ƙayar magarya don a kewaye su. Maganar itace tana cikin 'yan abubuwan da ban taɓa ganin sun raba mu da maƙwabtanmu Musulmi ba. Inuwa ɗaya muke sha ranar kasuwa.

Wannan dabara ta barin abin da ya fito an gwada ta a babban fili, kuma ba nesa da mu ba. A yankin Maraɗi, wani ma'aikacin mishan na SIM ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya yi shekaru yana rabon dashe, yawancinsu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake bukata kawai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a datse sauran. Saiwar da ta riga ta kai ga laima ba ta bukatar ban ruwa. Da farko dariya manoma suka yi masa, don a lokacin gona mai tsabta ita ce wadda ba ko tsinke a cikinta. Bayan yunwar 1984 aka fara karɓa, kuma abin ya bazu ne daga bakin manomi zuwa kunnen manomi, musamman da mutane suka tabbata cewa itacen da suka rena nasu ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci su tara a kansa ba. Suna kiransa sassabin zamani. An ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar, ƙasar da ruwan samanta bai kai namu ba.

Amma sassabin zamani yana da iyaka. Yana dawo da gawo da kalgo da sabara da aduwa, masu taurin rai. Inda ɗorawa ta mutu har saiwa, ko kanya ta ƙare a yanki, ba abin da zai toho. Nan sai an koma ga ƙwaya, sai kuma an samu wanda ya san abin da yake nema.

Wannan ne ya mayar da ni ga yaron Rodrigues. Masana sun zo tsibirin sun koma ba su ga itacen ba. Yaron ya sha wucewa ta gabansa, amma sai da aka nuna masa zane aka gaya masa suna kafin ya san abin da yake wucewa. Malamin yana da littafi, yaron yana da ƙafa da ido, ɗayansu bai isa shi kaɗai ba. A wurinmu littafin tsofaffi ne. Inna za ta iya lissafa muku itatuwan da ta sani a dajin nan tana yarinya waɗanda yanzu sai a yi tafiyar yini ba a ga ɗaya ba: ɗinya, tsada, taura, kaɗanya, ƙirya, faru. Ta san wanda ake ci, wanda ake sha don shawara, wanda ba a sa wa wuta a ɗaki. Idon kuma yana wurin yara masu kiwo, namu da na Fulani, waɗanda suka san kowane kwazazzabo. Mu 'yan makaranta da muke tsakiya muna da waya mai ɗaukar hoto, muna iya rubutu, amma sau da yawa mun fi sanin sunayen 'yan ƙwallon Ingila. Tun a farkon Littafi Mai Tsarki aikin da aka fara danƙa wa mutum shi ne noman gona da kiyaye ta, kuma ban san yadda mutum zai kiyaye abin da bai san sunansa ba.

Wani abu da na koya a hanya: furen ɗorawa, jan nan mai kama da tuntun hula da ke reto da bazara, da dare yake buɗewa sosai, kuma jemagu suna cikin manyan masu kai bununinsa daga wannan bishiya zuwa waccan. Kuka ma haka. Yaran da ke harbin jemage da danƙo a gindin mangwaro ba su san da daddawar gidansu suke wasa ba. In itatuwan suka yi nisa da juna, ko jemagun suka ragu, fure zai yi yawa 'ya'ya su yi kaɗan, mai daddawa kuma ta ce shekara ce ba ta yi kyau ba.

Bara mu shida daga cikin zumuntar matasa muka zauna da Inna yamma biyu, tana faɗa muna rubutawa. Mun sami sunaye arba'in da ɗaya. Da muka bi yara masu kiwo, sun kai mu gindin ashirin da shida. Taura guda ɗaya muka gani, a bakin wani kwari ta wajen Kebbe, an sassaƙe gefenta ɗaya, ba ƙarama ko ɗaya kusa da ita. Ba mu kewaye ta da komai ba, don mun tuna abin da shinge ya jawo a Rodrigues. Mun dai roƙi yaran su tsinto mana 'ya'yanta in sun nuna, muka kuma gaya wa mai unguwar wurin.

Reno ba shi da wuya kamar yadda ake zato. Kalwa ɓawonta tauri gare shi, sai a ɗan kankare gefe ko a jiƙa ta kwana ɗaya a ruwan ɗumi, a sa a ledar ruwan sha da aka cika da ƙasa da taki aka huda gindinta. A fara da bazara don ta yi ƙarfi kafin ruwa ya zauna, a dasa a watan Yuli. Wahalar duka tana cikin rani biyu na farko, kuma sunanta akuya. Ƙaya ta fi waya, don ba mai sace ƙaya. Cikin ɗorawa goma sha biyu da muka dasa bara, biyar suna nan.

A harabar cocinmu, inda tun da aka gina ba a taɓa dasa komai ba sai dogon yaro, dattawa sun ba mu gefen katanga ta gabas. Kanya muka sa a wurin. Ita ma tana da namiji da mace, kuma ba a gane su sai sun fara fure, bayan shekaru masu yawa. Baba mai gadi ya tambaye mu me ya sa muka dasa har shida a ɗan wurin da biyu za su cika. Muka ce masa ba mu san wace ce macen ba tukuna.